Tsagar da Na Ɓoye da Harafin Tsoho Liyu

Bismillahir Rahmanir Rahim.

Zuwa ga 'yata Ummi,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa ta uba ga 'yarsa, ina roƙon Allah Ya sa takardar nan ta same ki cikin ƙoshin lafiya da sanyin zuciya, Ya kai ki ƙasar Sin lafiya jibi, Ya tsare ki a sama da ƙasa. Na san za ki yi mamaki. Gida ɗaya muke kwana, tukunya ɗaya muke ci, sai ga wasiƙa ta hannun uwarki kamar ina wata uwa duniya. To, akwai maganar da bakina ya kasa ɗauka shekara da shekaru, bari in gwada ko takarda za ta iya. Da gangan na rubuta da Hausa, duk da na san Larabci ya fi miki sauƙi. Da Larabci na yi miki ƙarya, ba na son in gyara ta da shi. In wata kalma ta shige miki duhu ki tambayi uwarki, ita ta san komai tuntuni.

Kin tuna watan jiya kina falo kina cike takardar da za ki miƙa ranar da kika isa jami'a? Kika zo inda aka ce a rubuta garin asali, kika ɗago kai kika ce, "Yuba," yadda kike ce min baba da Larabci, "ni 'yar ina ce?" Na ce ki rubuta Riyad. Kika ce ai an riga an tambayi wurin haihuwa a sama, wannan garin iyaye ake nufi. Na daka miki tsawa na ce ki sa Kano ki ƙyale ni in sha shayina. Uwarki ta ce min har yau wurin a buɗe yake, ba ki rubuta Kano ba, ba ki rubuta komai ba. Wannan gurbin ne ya hana ni sakat, shi ya sa nake zaune cikin bas ɗin kamfani bayan la'asar da takarda a kan sitiyari.

Ummi, ni ba Bakano ba ne. Wata huɗu kacal na yi a Kano ina jiran fasfo, a tasha nake kwana. Ni Bagobiri ne, haifaffen Gatawa ta ƙasar Sabon Birni. Tabon da kike gani yana leƙowa ta gefen sajena, wanda na ce miki gilashin mota ne ya yanke ni, ba haɗari ba ne. Tsagar gado ce. Wanzami ya yi min ita da aska ina jariri a cinyar uwata, shida a kunci ɗaya, bakwai a ɗayan, kamar yadda aka yi wa ubana da kakana.

Da na zo ƙasar nan ina saurayi, fuskata a buɗe take. Kafil ɗina na farko, wato ubangidan da ya tsaya min, ya ɗauke ni direban gida, ranar da na fara kai yaransa makaranta ƙaramin ya ja yatsunsa a kumatunsa ya yi kukan mage, sauran suka bushe da dariya. Wurin ɗaukar hoton iƙama, katin zaman ƙasa, ma sai da mai hoton ya kira abokinsa ya zo ya ga ikon Allah. A kanti, a masallaci, a layin burodi, ido dai ido. Yanzu da na tsufa na gane yawancinsu ba mugunta ba ce, ba su taɓa gani ba ne kawai. Amma a lokacin ji nake kamar tsirara nake yawo. Sai na bar gemu da saje suka haura har kusa da ido, na koyi naɗa shimag, mayafin kan nan na mazan Larabawa, yadda zai rufo kumatu. Wanda ya tambaya in ce masa "hadis", wato haɗari, ya ce Allah Ya kiyaye gaba, shi ke nan. Har harshena na wanke. Kanawan da muke zama da su a unguwar Jaradiya suna yi min dariya in na ce "mi" ko "wanga", sai na koma "me" da "wannan" har na fi su iyawa. Da na je neman auren uwarki, su kuma haifaffun nan ne kaka da kakanni, na ce daga Kano nake. Kakarki Hajiya, Allah Ya jiƙanta, ta daɗe tana kallona sannan ta ce, "Kano ko? To, Allah Ya sanya alheri." Ta gane sarai, ta rufa min asiri. Lokacin annoba da aka tilasta wa kowa sa takunkumi, mutane na kuka da shi, ni kuwa wallahi daɗi na ji. Kin ji irin uban da Allah Ya ba ki.

Ke ma za a kalle ki a can. Za su kalli fatarki, su kalli hijabinki, wata tsohuwa ma ta iya kai hannu ta taɓa ki, wani ya ɗaga waya ya ɗauke ki hoto ba sallama. Abin zai yi miki ciwo, ba zan ce ba zai yi ba. Amma kada ki sayi sauƙin rana ɗaya da ƙarya. Ni ƙarya ɗaya na yi don yaro ɗan shekara shida ya daina kukan mage, ga shi ina ta yi mata hidima har kin isa shiga jami'a.

Laifina na biyu ya fi wannan muni, kuma kina wurin. Kina da shekara tara, wata Juma'a da yamma na kai ki kasuwar Batha sayen takalmin makaranta. Muka biyo ta unguwar Ud inda na ajiye mota. A gefen wani masallaci akwai wani tsoho da ya shimfiɗa kwali yana sayar da asuwaki. Fuskarsa a buɗe, tsagarsa raɗau irin tawa. A satin nan mai aski ya rage min saje fiye da yadda na ce. Tsohon ya ɗago kai, ya ƙura min ido, sai fuskarsa ta washe. Ya miƙe da ƙyar yana dafa bango ya ce, "Kai! Wanga namu na! Ɗan Gobir, ina ag gidanku? Ni daga Tsibiri nike. Kai ɗan wa na?"

Ummi, muryar ubana na ji sak. Amma ga mutane suna fitowa daga masallaci, ga ki riƙe da hannuna. Na dube shi ido cikin ido na ce, "Ma afham." Wai ban gane ba. Ni da aka yi wa huɗuba da wannan harshe.

Ya tsaya hannunsa a miƙe. Can ya sauke shi ya ce, "To, Allah shi ba ka haƙuri, ɗana. Na ɗauka namu na." Ya sunkuya ya zaɓo asuwaki siriri mai kyau ya miƙa miki, kika karɓa kika ce shukran. Da muka shiga mota kika ce, "Yuba, me ya sa fuskarsa irin taka?" Na ce miki mahaukaci ne, ki jefar da abin da ya ba ki. Ban sani ba ko kin tuna. Ni ban taɓa mantawa ba.

Bayan kamar shekara biyu, muna masallacin unguwarmu an idar da azahar, wani daga cikin dattawan Hausawa ya miƙe ya ce tsohon nan mai asuwaki na Ud ya rasu a asibiti. Ba takarda a jikinsa, ba wanda ya san cikakken sunansa, abin da aka sani kawai yana da tsagar Gobirawa. Ya ce, "Jama'a, akwai Bagobiri a nan? Ko wanda ya san garinsu, a samu a aika wa iyalinsa?" Sau uku ya tambaya. Ni kuwa na san garin, da bakinsa ya faɗa min. Kalma ɗaya ce, Tsibiri. Da na furta ta, direbobin Maraɗi da ke cike da Riyad, maƙwabtan Tsibiri, za su kai labari cikin kwana biyu. Na ja shimag na rufe kumatuna, na sunkuyar da kai ina jan carbi kamar mutumin kirki. Aka binne shi a maƙabartar Nasim. Kin san yadda kaburburan nan suke, dutse a kai dutse a ƙafa, ba suna. Ban je jana'izar ba. Wataƙila har yau akwai wata tsohuwa a Tsibiri da ba ta san ko takaba ta kama ta ba, ko wasu 'ya'ya da ke cewa ubansu ya samu duniya ya manta da su.

Ki ji ni da kyau. Duk inda kika ji Hausa a ƙasar Sin, ko a tashar jirgi ko a kasuwa, ko daga bakin wanda tufafinsa suka yi datti, ko kina tare da ƙawayen da kike jin kunyarsu, ki tsaya ki amsa sallama. Ban ce ki bi kowa ba, ban ce ki ba kowa lambar wayarki ba, ke mace ce kuma baƙuwa. Amma ki amsa, ki tambayi suna da gari, ki riƙe a ka. Ba ki san ranar da za a miƙe a tambaya ba.

Yanzu bari in gaya miki wanda ya tona ni, don ba malami ba ne, ba ma Musulmi ba ne. Shekarun da na koma jan bas ɗin kamfanin gini, 'yan Caina nake ɗauka daga masaukinsu in kai su wurin aiki da sassafe in dawo da su da yamma. Mutum hamsin da wani abu. A wurina duk abu ɗaya ne. Fuska ɗaya, yare ɗaya, warin taba ɗaya. In sun yi nawa in danna ham in ce, "Yalla ya Caina!" Ni da jinina ke tafasa in wani ya ce min "ya Afriki", ban taɓa tunanin abin da nake yi musu ke nan ba. Wata bakwai ina jansu ban san sunan ko mutum ɗaya ba.

Akwai wani mai walda da ke zama a kujerar gaba kusa da ni saboda bayansa na ciwo. Gajere ne, kansa fari fat, kullum da filas ɗin gilashi da ganyen shayi ke yawo a ciki. 'Yan'uwansa na ce masa Lao Liyu, daga baya na ji "lao" ɗin tsoho ke nan, sai na koma ce masa Tsoho Liyu. Ba ya jin Turanci sai kaɗan, Larabcinsa kuwa irin na wurin gini ne, "sadik", "mafi mushkila", "sem-sem", wato aboki, ba matsala, duk ɗaya. Da wannan da nuni da waya muke hira.

Na lura a bayan hular kwanonsa, ban da lambar kamfani, ya zana wani harafi ɗaya da jan fenti. Wasu ma sun yi haka, amma harafin ya bambanta. Ni a zatona laya ce irin tasu, har nakan yi a'uziyya in hular ta taɓa ni. Na kuma lura ba a zama barkatai a bas ɗin. Masu harafi iri ɗaya wuri ɗaya suke zama, tare suke cin abinci. Wata rana muna jiran a buɗe mana ƙofa na ƙwanƙwasa hular na ce, "Esh haza?" Wato mene ne wannan?

Kai, ashe jira yake a tambaye shi! Ya ajiye filas, ya fito da waya ya nuno min hoton wata tsohuwar motar ɗansa. A farkon lambar motar ga harafin nan sak. Ya ce, "Yu." Ya bugi ƙirji ya ce, "Henan. Yu." Ya nuna na bayansa ya ce, "Shandon. Lu." Ya nuna wasu can baya masu yawan cin barkono ya ce, "Hunan. Shiyan." Na ce to ai sunayen ba su yi kama ba, ta ina Henan ta zama Yu? Ya yi dariya har da tari. Daga ranar, kullum muna cikin cunkoson hanya sai ya zana min harafi ɗaya da yatsa a ƙurar gilashi, ya yi magana a waya ta juya min da Larabci gurgu-gurgu. Abin da na tsinta ke nan, in na yi kuskure malamanki za su gyara miki.

Kowane lardi a ƙasarsu yana da suna biyu. Akwai dogon da gwamnati ke rubutawa a taswira, akwai gajere na harafi ɗaya da ake sawa a lambar mota, kuma sau da yawa gajeren ya girmi dogon nesa ba kusa ba. Wasu lardunan farkon sunansu kawai aka gutsuro, waɗannan Tsoho Liyu yakan yi musu tsaki ya ce ba labari. Wasu kuwa sunan daular da ta mutu ne. Ya ce Jin, na lardin Shanshi, wata babbar daula ce da ta tsage gida uku sama da shekara dubu biyu da suka wuce, ba sarkinta ba fadarta, amma yau duk motar kwal da ta fito daga can da sunanta take yawo. Lu ma daula ce, ƙarama ma, akwai wadda ta fi ta ƙarfi a wannan yankin, amma a Lu aka haifi babban malaminsu na dā, shi ya sa a ganinsa sunanta ya fi cancanta. Wasu sunan kogi ne. Shiyan kogi ne da ya ratsa Hunan, inda za ki zauna. Gan kogi ne, Min ma kogi ne kuma sunan mutanen da suka zauna bakinsa tun dā. Wanda ya fi ba ni dariya shi ne Shanghai, birnin da benayensa suka fi na unguwar Ulayya ta nan Riyad tsawo. Harafinta Hu, wai sunan shingen gora ne da masunta ke kafawa a bakin ruwa don tare kifi. Duk attajirin da ya sayi mota a can, dole ya manna mata shaidar cewa garinsu na masunta ne.

Nasa kuwa, Yu, sai da ya gyara zama kafin ya faɗa. Ya ce a labaran kakanninsu an raba duniyarsu gida tara, Yu ita ce ta tsakiya. Ya zana harafin babba, ya rufe rabinsa da tafin hannu, ya ce in dubi sauran. Wai giwa ce. Ana cewa dā can akwai giwaye a ƙasarsu, yanzu ko ɗaya babu sai a cikin harafin. Na yi ta gwada zana shi don in sa miki a ƙasan takardar nan, giwar tawa ta fito kamar akuya mai ciki, na haƙura.

Rannan da ya gama, sai ya juyo ya nuna gefen fuskata da yatsa. Kujerarsa ce ta fi kowace kusa da ni, wata da watanni yana kallon kuncina na dama. Ya ce, "Inta? Haza esh?" Wato kai fa, mene ne wannan? Na ce, "Hadis." Ya dube ni, ya dubi layukan da suka jeru daidai wa daida kamar an auna da rula. Mai walda ne fa, ya san aikin hannu in ya gan shi. Ya ce, "Hadis," ya gyaɗa kai, ya ɗauki filas ɗinsa. Bai ƙara tambaya ba.

Ana nan cikin tsakiyar zafi, wata rana da hantsi, aka yi ihu a bakin ƙofar wurin aikin. Wani ma'aikaci na wani kamfanin daban, ba namu ba, ya yanke jiki ya faɗi kusa da inda na ajiye bas. Mutumin zai kai shekara hamsin. Nasu sun yi nisa cikin ginin, motar asibiti ba ta iso ba. Mutane suka taru ana ta surutu. Tsoho Liyu ya zo wucewa da kayan waldarsa, ya ga hular mutumin ta gangara gefe. Ya juya ta da ƙafa, sai ga jar giwar nan a bayanta. Wallahi Ummi, ajiye kayan ya yi a ƙasa, ya durƙusa da wannan bayan nasa mai ciwo, ya tallafo kan mutumin yana yi masa magana da wani irin yare da ban taɓa jin ya yi da sauran ba. Mutumin ya buɗe ido. Tsoho Liyu ya daka min tsawa, ni da na saba daka musu, ya ce, "Sayyara! Yalla!" Wato mota, maza. Muka sa shi a bas muka yi asibiti.

A hanya na ce masa, "Sadik?" Wato abokinka ne? Ya ce, "La," wato a'a. Ɗan'uwa? "La." Ka san shi? Ya girgiza kai, ya ɗaga hular ya nuna min harafin ya ce, "Yu." A wurinsa magana ta ƙare.

Kwana tara mutumin ya yi a kwance. Tsoho Liyu ne ya nemo lambar matarsa ya kira ta, shi ya gano maganin da yake sha ya nuna wa likita. Ranar Juma'a da ba aiki ya roƙe ni in kai shi. Ya dafa taliya irin ta garinsu cikin romo ya zuba a kwano ya naɗe da tawul. Na tsaya a bakin ƙofar ɗakin ina kallo yana ba ƙaton mutum abinci a baki da cokali, mutumin yana ci yana hawaye. Garuruwansu ma ashe tafiyar awa biyar ce tsakaninsu. Ba abin da ya haɗa su sai harafi ɗaya na jan fenti.

Nan tsohon Ud ya faɗo min. Shi ba fenti ba ne ya haɗa mu, aska ce da jini. Ya miƙo min hannu na ce ban gane ba, ya mutu na ja carbi. Kunya ta rufe ni, na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Na fita na zauna a bas, rana tsaka, ko na'urar sanyi ban kunna ba, na yi kuka irin wanda ban yi ba ranar da aka aiko min uwata ta rasu.

Da Tsoho Liyu ya fito ya same ni haka, sai ya zauna a kujerarsa. Na kwance shimag, na baje sajen da yatsu na ce masa, "Mafi hadis. Gobir." Wato ba haɗari ba ne. Ya matso ya ƙirga a iska ba tare da ya taɓa ni ba. Na ɗauki wayarsa na yi mata bayani ta juya masa. Na ce daula ce ta dā, mutanen faɗa da taurin kai. Birninta Alƙalawa ya faɗi tun zamanin jihadi, mutanenmu suka watse, wasu suka kafa Tsibiri, wasu Sabon Birni, daga baya Turawa suka ja iyaka a tsakani, rabi Nijar rabi Najeriya. Ya saurara har ƙarshe ya ce, "Jin. Sem-sem." Sannan ya nuna lambar wata mota, ya nuna kansa, ya nuna fuskata, ya nuna ni. Wato su a mota suke sa nasu, mu a fuska.

Na gaya masa labarin tsohon ma. Wannan karon bai ce "mafi mushkila" ba, shi da kome ya faru sai ya ce haka. Can ya tambaya ko 'yata tana da tsagar. Na ce a'a, an daina, ni ma ba zan yarda a sa miki aska ba. Ya ce ta san sunan? Na ce a'a. Ya yi magana a waya ya miƙo min, rubutun ya fito da Larabci: "'Yarka mota ce ba lamba. In ta faɗi a hanya, wa zai ɗauke ta?"

Kin ga ya kamata a ce a ranar na zo gida na gaya miki. Ban yi ba. Tsoho Liyu ya gama kwangilarsa ya koma ƙasarsu, shekara huɗu ke nan, ni kuwa kullum sai in ce gobe. Na je Nasim sau biyu ina neman kabarin tsohon, duwatsu ne jere iya ganinka, na yi wa dukkansu addu'a na dawo. Na ba direbobin Maraɗi saƙo, amma ba suna, shekaru sun ja, ba wanda ya gane wa nake nufi. Wannan ƙofa ta rufe, sai dai in haɗu da shi gaban Allah. Ki kiyayi gobe, Ummi. In kin ɓata wa wani, ki je masa tun yana inda za ki same shi.

In kin sauka Gwanju, kafin ki hau jirgin ƙasa, ki dubi lambar motocin da ke bakin tasha. Harafin da za ki gani Yuwe ne, sunan mutanen kudu na dā. In kin isa Cansha ta lardin Hunan za ki ga ya koma Shiyan. Ki koyi waɗannan haruffa tun kafin a koya miki a aji. Kada ki ce "'yan Caina" ki tsaya nan kamar yadda ubanki ya yi wata bakwai. Ki tambayi abokiyar ɗakinki harafin lardinsu da inda ya samo asali, za ki ga yadda fuskarta za ta sake. In Allah Ya sa kin ga mota mai giwa, ki yi wa wani tsoho mai walda fatan alheri. Su kuma za su tambaye ki naki, don su mutane ne masu tambayar asali. Ki riƙe sallarki, ki kula da abin da za ki ci, ki kira uwarki ko ba ki da labari. Sauran nasihar ta yi miki, ta fi ni cancanta.

Sunan uwata na sa miki, shi ya sa ban taɓa kiran ki da shi ba sai Ummi. Ita ma tana da tsagar. Tana da faɗa, tana da kyauta, in ta yi dariya sai maƙwabta sun leƙo, kuma duk ranar da kika murtuke fuska ita nake gani. Ta rasu ba ta gan ki ba, don ina jin kunyar in kai ku a ga inda na fito. Yanzu hanyar garin ba ta da daɗi, amma in Allah Ya kawo zaman lafiya, Ya ba ni rai, ni zan ja motar da kaina.

Yau da hantsi na je wurin mai askin nan na kusa da masallaci na ce ya bar min gemu ya kwashe sajen duka. Ya ce, "Kullu?" Na ce kullu. Da askar ta wuce sai ya tsaya, ya dubi kuncina a madubi ya ce, "Hadis?" Na ce, "La. Gobir." Bai gane ba, ya ci gaba da aikinsa. Fatar wurin ta yi fari-fari don ta daɗe ba ta ga rana ba, amma layukan suna nan cif, ba wanda ya ɓace.

To ga amsar tambayarki, ɗiyata. A gurbin nan ki rubuta Gatawa, Gobir. In kin ga uban da ya ce wa ɗan'uwansa mahaukaci bai isa ya ba ki suna ba, ba zan ga laifinki ba, sunan dai ba nawa ba ne ni kaɗai, na kakarki da ta haife ni ne da wancan tsoho. Ki yafe min tsawar da na yi miki, da asuwakin da na sa kika jefar.

Allah Ya kai ki lafiya, Ya dawo mana da ke lafiya. Ya tsare ki daga sharrin hanya da sharrin mutum da sharrin baƙunta. Ya ba ki ilimi mai amfani, Ya haɗa ki da masu ɗaukar wanda ya faɗi, Ya sa ke ma ki zama cikinsu. Allah Ya yi miki albarka.

Ban shigo gida ba tun safe. Zan miƙa wa uwarki takardar nan ta taga, in koma cikin bas a ƙofar gida, shimag ɗin yana kan kujerar Tsoho Liyu. Ki karanta a hankali, direba ya saba jira. In kin gama, ki fito ki ƙirga da kanki.

Wassalam.

Naki mahaifi,
Ibrahim Bagobiri